Sharhi kan matatar ruwa mai gawayi a Katsina

Matatar ruwa mai gawayi da ake samu a kasuwannin Katsina ta dace da masu shan ruwan rijiya da burtsatse. An sarrafa gawayin cikinta da sinadari ta yadda dalma da ire-irenta ke maƙale masa yayin da ruwa ke ratsawa, aikin da tafasa ruwa ba ya yi. Ruwan yana fita garau, sai dai a hankali.

Abin da ya dame ni shi ne gawayin yana cika, kuma babu alamar da ke nuna lokacin sauya shi. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, gara ya kai ruwansa ɗakin gwaji kafin ya dogara da ita.