API Freshwater Master Test Kit, bayan wata biyu ina aiki da shi

Na jima ina son in yi magana a kan wannan kit ɗin na gwajin ruwan tankin kifi, don na lura 'yan uwa da yawa a nan Legas sun fara ajiye kifin ado a falo, kuma abin da ya same ni zai iya samun kowa tunda matsalar wuta ɗaya muke sha.

Tankina lita 100 ne, gupi da moli ne a ciki guda 14, sun fi shekara lafiya lau har haihuwa suke yi. Sai taransifomar layinmu a Agege ta ƙone, kwana 4 babu wuta, jen kuma da daddare kawai muke tayarwa na awa uku saboda tsadar fetur, filta mai tace ruwan tankin tana tsaye duk yini cikin zafin nan. Da wuta ta dawo soson filtar har wari yake, ƙanina da kyakkyawar niyya ya cire shi ya wanke tas da omo, ya kwashe ruwan gaba ɗaya ya zuba sabo. Ya ce min Yaya zo ka ga yadda ya yi haske. Gaskiya ya yi haske, kamar fiya wata. Kwana biyar bayan nan kifayen suka taru a saman ruwa suna ta buɗe baki, ba sa cin abinci, na wayi gari uku sun mutu har da uwar molin nan baƙa da 'yata take so, wallahi ranar ban ji daɗin aiki ba sam.

Wani dattijo maƙwabcinmu mai kiwon tarwaɗa a bayan gida shi ya leƙo ya ce ɗana ba ciwo ba ne, ruwan ne, kun kashe masu aikin da ke cikin soson. Na ce Baba ai ruwan garau yake, ya ce ai ba a gani da ido, je ka nemo abin gwaji. Haka na tafi wani shagon kifi a Ikeja na sayo wannan.

Maganar Baba ita ce, kifi yana fitar da amoniya ta inda yake numfashi da kuma kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. Akwai bakteriya masu amfani da suke zaune a jikin soso da tsakuwa, kashi na farko irin su Nitrosomonas suna mayar da amoniya naitrait, kashi na biyu irin su Nitrospira su mayar da naitrait naitret, wanda shi da sauƙi, canjin ruwa ke rage shi. Su bakteriyan nan iskar oksijin suke buƙata da ruwa mai gudana, kenan rashin wuta ya raunana su, omo kuma ya ƙarasa su. Tankin ya koma kamar sabo alhali cike yake da kifi.

Cikin kwalin akwai ƙananan robobin magani 7, kwalaben gwaji 4 masu layi a mil 5, da katin kaloli. Yana auna pH (wato ma'aunin tsamin ruwa, in ya hau tsamin ya ragu) kala biyu, amoniya, naitrait da naitret. Na amoniya ɗigo 8 daga roba ta ɗaya, 8 daga ta biyu, ka girgiza ka jira minti 5. In babu komai ruwan ɗorawa zai nuna. Nawa kore shar ya fito, wajen 2 a kati. Jikina ya yi sanyi, ruwan da nake ta yabo ashe shi ke ƙona su, kuma amoniya ta fi illa in ruwa ya ɗumama ko pH ya hau, ga Legas ba a maganar zafi.

Daga nan kullum da safe kafin in fita sai na gwada. In na ga kore ya yi duhu in kwashe kusan rabin ruwan in zuba sabo da na sa wa maganin kulorin, abinci na mayar da shi ɗan mitsitsi sau ɗaya a kwana biyu. Mai shagon, Allah ya saka masa, ya yanko min guntun tsohon soso daga tankinsa mai lafiya ya ƙulla a leda da ruwansa ya ce kar in bari ya bushe a go-sulo, ina isa na cusa shi cikin filtar. Na kuma sayi ɗan famfon iska mai caji saboda ranar da za a sake ɗaukewa.

Inda kit ɗin ya fi yi min rana shi ne sati na biyu. Amoniya ta sauka ta koma ɗorawa, ni a zatona an gama, har na fara tunanin sayo sabbin kifi. Sai na gwada naitrait, ɗigo 5 ne kacal, maimakon shuɗi mai haske sai ga shi ya rikiɗe ya zama kalar makuba tun kafin minti biyar ɗin su cika. Shi kuma naitrait jini yake shiga ya hana shi ɗaukar oksijin, kifi yana cikin ruwa mai iska amma yana shaƙewa. Da ban gwada ba da na ƙara kifi na kashe sauran. Na ci gaba da canjin ruwa, na ɗan sa gishiri kaɗan tunda yana rage shigar naitrait jikinsu kuma gupi da moli suna jure shi. Sai a ƙarshen sati na huɗu na ga amoniya ɗorawa, naitrait shuɗi, sannan naitret ya nuna kalar lemo. Dama yawanci sati 4 zuwa 6 abin ke ɗauka, babu gajeriyar hanya sosai.

Abin da zan ja hankali a kai, gwajin naitret yana son haƙuri. Roba ta biyu sai ka girgiza ta da ƙarfi sakan 30, bayan ka ɗiga kuma ka girgiza kwalbar minti ɗaya cur, in ka yi kasala zai nuna maka ƙasa da gaskiya, ni na farko sifili ya ba ni don ban girgiza ba. Sannan kar ka duba kala a ƙarƙashin kwan ɗaki, tsakanin 0 da 0.25 na amoniya, ko 10 da 20 na naitret, sun yi kama sosai, ka fito bakin taga ka jingina kwalbar da farin wurin katin. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin robobin kafin a biya kuɗi. Kuma a ɗora shi sama, maganin amoniya da na naitret suna ƙuna, ba na hannun yara ba ne.

Tsada kam akwai, kuɗinsa ya fi na kifayena duka, amma wata biyu ina ɗiga kusan kullum robobin ko rabi ba su yi ba. Ni dai zan sake saye, kuma duk wanda ya tambaye ni shi nake cewa ya fara saya kafin kifin.

Yanzu ranar Juma'a in na dawo masallaci nake gwadawa, 'yata ce ke ƙirga min ɗigon. Soson kuma ƙanina ya riƙe, a bokitin ruwan tankin da aka kwashe yake matse shi a hankali ya mayar. Satin da ya wuce ɗaya daga cikin molin da suka tsira ta haihu, mun ƙirga 'ya'ya 11 a bayan ciyawa.