GARGAƊI: Mai tallar tafiyar tsibiran Maldif a WhatsApp ya cinye mana riyal 13,800

Assalamu alaikum jama'ar Jidda da Makka da Madina. Don girman Allah duk wanda ya ga wannan ya tura wa na kusa da shi. Akwai wani mutum, Bahaushe ɗan uwanmu, yana yawo a guruf-guruf ɗin mata yana tallar hutu zuwa tsibiran Maldif, wai shirin iyali mai rahusa, tsibiri uku a tafiya ɗaya, yara rabin kuɗi. Ɓarawo ne. Riyal 13,800 ya karɓe mana. Ba tikiti, ba ɗaki, ba jirgin ruwa, ba komai. Riyal 13,800. Ina rubutun nan raina na tafasa, idan maganar ta hau kan juna ku yi min uzuri.

Tun kafin wani ya fara cewa ai kwaɗayin araha ne ya ja min, ku tsaya ku ji. Ni ba yarinya ba ce, kuma ba jiya na zo ƙasar nan ba. Sana'ar abinci nake yi, kullum da kuɗin mutane nake mu'amala. Kuɗin da ya faɗa ba irin kuɗin nan ba ne da kana ji ka san ƙarya ce. Da cewa ya yi riyal 5,000 zai kai mu mu biyar, wallahi ko amsa masa ba zan yi ba. Na duba kuɗin jirgi da kaina, na duba kuɗin masauki da kaina, abin da ya faɗa ƙasa kaɗan yake da lissafina, ya ce saboda kujeru yake saye a dunƙule. Wa zai ji haka ya ce damfara ce?

Kuma mutumin nan ya san wajen. Abin da ke cin raina ke nan. Duk abin da ya gaya min a kan tsibiran gaskiya ne, na bincika a lokacin, na sake bincikawa yanzu. Ya ce Maldif ba a neman biza kafin a tafi, a filin jirgi ake bugawa kyauta ta kwana 30, matuƙar kana da tikitin dawowa da shaidar masauki. Gaskiya ne. Ya ce akwai fom na Imuga da ake cikewa ta intanet cikin awa 96 kafin a sauka, shi ma kyauta, kar in bari wani ya karɓi ko halala, wato kwabon Saudiyya, a kansa. Gaskiya ne. Ya ce ƙasar Musulmi ce, ba mu da damuwar abinci, kuma tun 2009 aka ba mutanen gari damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya zuwa, ba sai otal-otal ɗin attajirai da ke kan ruwa ba. Duk gaskiya. Ɓarawon da zai ce miki kar ki biya kuɗin biza saboda kyauta ce, ta ina za ki gane shi?

Abin da ya tsara mana: mu sauka a filin jirgin Belana, mu kwana ɗaya a Hulhumale, tsibirin da ke kusa da filin jirgin, tunda akwai gada da mota, yara su huta. Washegari mu wuce Mafushi, daga nan Gulhi, sai Guraidu, dare 6 gaba ɗaya. Tsibiran nan uku na ƙarshe a kudu da Male, babban birnin ƙasar, suke, kusa da juna.

To ga inda ya kama ni. Ni da kaina na ce masa ina son wani tsibiri can nesa da na gani a bidiyo, na ce ko da ƙarin kuɗi ne zan biya. Ya turo min saƙon murya, yana nan a wayata, ya ce: "Hajiya, don Allah ki bar wannan. Ki ji tsoron Allah a kan jaririyar nan. Lokacin hutun makaranta a nan, damina ce a can, teku na tashi daga watan Mayu har wajen Oktoba. Ba zan ɗora ki da goyo a ƙaramin jirgin ruwa na awa uku ba. Mafushi minti 40 ne a mai gudu, kuma akwai wurin shan magani. Ni ma uba ne." Ya ƙi ƙarin kuɗi! Ni na miƙa masa ƙarin kuɗi, ya ƙi. Na saurari saƙon nan ban san iyaka ba. "Ni ma uba ne." A tsaye nake a kicin lokacin, na kira Abban yara na sa masa ya ji, na ce ka ji mutumin kirki. Shi ma ya gyaɗa kai. Ku gaya min wace uwa ce za ta ji wannan zuciyarta ba ta kwanta ba? Har cewa ya yi in nemi rigar kariya ta ruwa daidai jikin yara tun daga nan, saboda na jiragen galibi na manya ne. Har ya ce kar mu sa ranar canja tsibiri ta faɗo Juma'a, domin jirgin ruwan gwamnati mai arahar nan ba ya tashi ranar Juma'a. Na duba, haka ne. "Ni ma uba ne." Allah ya isa.

Washegarin saƙon nan na tura arabun, wato kafin alƙalami, riyal 4,000. A'a, kafin nan sai da ya turo bidiyonsa a Harami bayan sallar asuba, yana cewa ya sa mu a addu'a. Wannan kafin 4,000 ɗin ne. Hoton takardar rajistar kasuwanci kuma bayan 4,000 ya turo, da na ce ina son ganin shaida kafin in cika. Na tambaya, jama'a. Ba wai ban tambaya ba. Na nemi ofishinsa, ya ce suna gyara, amma ya turo hoton wani shago da allo. Na nemi wanda ya taɓa tafiya ta hannunsa, ya haɗa ni da wata mata, muka yi waya, ta ce min "Yaya, ki kwantar da hankalinki, mu bara muka je da yarana huɗu," har da hotunan yara a bakin ruwa. Yanzu lambarta ita ma a kashe take. Tare suke.

Sai riyal 7,500. Wannan na tura ne bayan ya ba ni lambar bukin, wato ta kama kujerar jirgi, harufa shida. Na shiga shafin kamfanin jirgin da kaina, ba ta wani mahaɗi da ya turo ba, na rubuta lambar da sunan mahaifi, sai ga sunayenmu mu biyar reras, ga rana, ga lokacin tashi daga Jidda. Da idona na gani. Abban yara ya gani. Maƙwabciyata da ke aiki a asibiti ta gani, ta ce ai shi ke nan. Takardar masaukin Mafushi ma ta zo da sunanmu. Mutum uku masu hankali suka duba abin nan. A daren na tura 7,500.

Sai da abin ya faru ma'aikacin ofishin jirgi ya warware min yadda suke yi. Ana iya riƙe kujera da sunanka ba a biya ba, bukin ya fito a shafi na ɗan lokaci, kwana ɗaya ko biyu ko uku, idan ba a biya ba ya goge da kansa. Tikitin gaske yana da lamba 13 a jere, kowane fasinja da tasa, har jaririya. Namu babu. Masaukin kuma irin bukin ɗin nan ne da ake sokewa kyauta, ya yi, ya sauke takardar, ya soke. Mai masaukin da na rubuta wa daga baya ya amsa min cikin mutunci, ya ce an yi bukin da sunanmu, an soke tun da daɗewa, ko dala ɗaya ba ta shigo masa ba. Wa ya taɓa gaya mana maganar lamba 13? A guruf ɗin nan mu nawa ne muka san wannan kafin yau?

Na manta da riyal 2,300. Ita ce ta ƙarshe, ana saura kaɗan tafiya. Ya ce kuɗin jirgin ruwa mai gudu ne tsakanin tsibirai da harajin muhalli da gwamnatinsu ke karɓa. Harajin yana nan da gaske, dala 6 ne kowane dare a kan kowane mutum a ƙananan masaukai, ban da yaron da bai kai shekara 2 ba. Amma masauki ne ke karɓa, ba dillali a Jidda ba. Namu duka bai wuce riyal 540 ba. Lokacin an riga an haɗa akwati, yara sun gaya wa kowa a makarantar Islamiyya, me zan ce? Na tura. 4,000 da 7,500 da 2,300. Riyal 13,800. Ban ma sa riyal 800 na huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, da muka biya ta manhajar gwamnati Absher ni da yara uku ba, 200 kowanne, wannan ma ta tafi a banza. Ban sa rigunan ruwa da man rana da takalman roba ba.

Ku da kuke nan kun san yadda kuɗi ke taruwa a ƙasar nan. Kowane wata riyal 400 ake biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar maigida, wato takardar izinin zamansa, mu huɗu ne, 1,600 ke nan kafin a yi maganar haya da makaranta. Kuɗin nan adashi ne na ɗauka, da ribar waina da sambusa da na tsaya a kan wuta na soya cikin azumi. Abban yara tun farko cewa ya yi mu tafi tsibiran Farasan da ke nan Saudiyya, mu kama hanya da mota zuwa Jizan, jirgin ruwan kyauta ne har da motar, yara su ga teku mu dawo. Ni na ce yaran nan ba su taɓa fita ko'ina ba sai gida Najeriya, kuma lissafin ya nuna za mu iya. Kuma za mu iya ɗin! Da kuɗin nan hannun mai amana suka shiga, da mun je mun dawo. Shirin ba shi da laifi, lissafina ba shi da laifi. Ɓarawo ne ya shiga tsakani.

Yadda muka gane: daren da ya kamata mu zaɓi kujeru ta intanet na sa lambar nan mai harufa shida, shafi ya ce babu. Na sake, babu. Na kira shi, ya ɗauka, muryarsa ko gezau, ya ce "Hajiya, matsalar na'ura ce, ki kwanta, da safe zan turo miki sabuwa." Har ya tambayi jikin jaririya, don na taɓa gaya masa tana haƙori. Da safe saƙo ya tsaya a alama ɗaya. Hotonsa ya ɓace. Shagon da ya turo hotonsa Abban yara ya nemo shi, masu wurin ba su taɓa jin sunansa ba, takardar rajistar kuma ta wasu bayin Allah ce, ya goge suna ya sa nasa. Babbar 'yata shekararta 7, ita ta fara tambaya ko mun makara ne jirgi ya tafi ya bar mu. Ban iya ba ta amsa ba, babanta ne ya ja ta ɗaki.

Masu cewa me ya sa na tura kuɗi a asusun da ba sunansa ba: ya ce na kafilinsa ne, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar nan. Mutum nawa a cikinmu ke sana'a a haka? Ni kaina akwai masu kawo min kaya da nake tura wa ta asusun wani, shekara da shekaru, ba a taɓa cin min ko riyal ba. A kan amana muke zaune a ƙasar mutane, shi kuma amanar ya zo ya ci. Ya zaɓi mu ne saboda a tunaninsa duk Bahaushen da ke nan tsoron shurɗa, wato 'yan sanda, yake, ba mai kai ƙara. To ni iƙamata lafiya lau take. Na sanar da bankina, na shigar da ƙara ta manhajar Kulluna Amn, mun je ofishin 'yan sanda da takardun tura kuɗi guda uku. Rana dubu ta ɓarawo. Ko ba a dawo min da ko halala ba, sai na ga an tsayar da shi.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Tun da na fara magana a guruf ɗinmu wata baiwar Allah daga Makka ta kira ni tana kuka, ita Langkawi ta Malesiya ya ce zai kai su. Irin saƙon muryar nan ya tura mata, har da "ni ma uba ne". Kalma ɗaya bai canja ba. Ta roƙe ni kar in faɗi sunanta saboda mijinta bai sani ba tukuna, ba zan faɗa ba.

Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit uku, da takardar jabun, da saƙon muryar, da bidiyon Harami. Ina rufe lambobin fasfo ɗin yara ne, don har kwafin fasfo ɗinmu yana hannunsa, wannan ma wani tashin hankalin ne. Da na gama zan saka su a ƙasa in sha Allah, ku ga fuskarsa, ku ji muryarsa.

Kar ku cika wa kowa kuɗi sai kun ga lamba 13 ta kowane mutum, kun kira kamfanin jirgi sun tabbatar an biya. Ku rubuta wa masauki da kanku. Ofis ku je da ƙafarku, ku nemi lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido. In ya gagara, ku sayi tikitinku da kanku.

Duk wadda ta san ta tura wa mutumin nan kuɗi, na Maldif ko na Malesiya ko na ko'ina, ta yi min magana ta akwatin sirri kafin Lahadi, ranar za mu koma wajen 'yan sanda. Ki zo da rasit ɗinki. Ba zan gaya wa kowa sunanki ba.