Inbatar cikin tirela da dokokin kamfani a Amurka

Yaya, ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara duk suna lafiya.

Inbatar nan da ka hango a bayana ranar da muka yi waya, ka ce in sayo maka irinta, ba za ta yi maka aiki a Tudun Wada ba. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, ko fankarka ba za ta juya da kirki ba balle firji. Gara in turo kuɗin ka shiga Sabon Gari ka sayi wadda aka yi don wutarmu, ka haɗa da batura da sola. Idan ta lalace ma kana da wanda za ka riƙe. A nan ba a cika gyara irin waɗannan kaya ba, kuɗin mai gyara ya kusa na sabuwa, sai a jefar a sake saye.

A gida inbata maganin ɗauke wuta ce. A cikin tirela kuwa ita ce kicin ɗina. Bayan kujerar direba akwai ɗan ɗaki mai gado, a nan nake kwana makonni ban ga gida ba. Manyan tashoshin hanya irin su Love's da Pilot akwai wurin wanka mai tsabta da na wanki, wannan kam sun fi mu nesa. Amma abincinsu ga tsada, ga naman alade a kusan komai, ba irin Mararrabar Jos ba da za ka sauka ka ce a zubo maka tuwo da miyar kuka hankalinka kwance. Shi ya sa nake dafa miya da yawa in daskarar, in jera a ƙaramin firji, in riƙa ɗumamawa a hanya. Inbatar ce ke mayar da bolt 12 na baturan mota ya zama wutar da na'urar ɗumama abinci za ta ɗauka.

To amma motar ta kamfani ce, kuma sabon direba ba ya taɓa ko waya ɗaya a jikinta. Ƙaramar inbata da ake soka wa a ramin caja, mai wat 150 zuwa 300, yawanci ba a hanawa, sai dai iyakarta cajin waya da kwamfuta. Babba mai wat 1,500 dole a haɗa ta da batir kai tsaye, kuma a nan kamfanoni suka rabu. Wasu motarsu da ita take zuwa. Wasu ka saya da kuɗinka, kanikawansu su saka. Wasu kuma sun hana gaba ɗaya, idan aka gan ta sai dai ka nemi wani aikin. Namu sai da na gama zama da mai koyarwa, aka ba ni motata, sannan suka saka mini a garejinsu.

Da farko abin ya ba ni haushi, don na san a Kwangila mai riwaya zai gama wannan aikin kafin ka shanye shayi. Da na tsaya na ga yadda bakaniken yake yi sai na yarda da su. Wat 1,500 a kan bolt 12 ya haura amfiya 125. Wayar da ya ja kaurinta ya kai babban yatsa, ya sa fis dab da batir, duk inda ta ratsa ƙarfe ya sa mata roba don kada jijjigar hanya ta cinye bawonta. Da siririyar waya aka yi, zafi za ta yi ta narke, kuma ƙarƙashin gadon da mutum yake barci take bi. Idan mota ta ƙone aka gano haɗin gaibu ne, inshora ma tana iya zamewa.

Matsalar da ta rage ita ce batir. Ka bar firji da sauran kaya a kunne dare guda, da asuba mota ta ƙi tashi, kuma babu yaron mota ko 'yan tasha da za ka kira. Motoci da yawa suna yanke wutar ɗakin da kansu idan batir ya yi ƙasa. Ka ce za ka bar injin a kunne, a Kalifoniya doka minti 5 ta ba ka, kamfani kuma yana ganin kowace awa a kwamfuta don dizal ɗinsa ake ƙonawa. Kamfanonin kirki suna maƙala ɗan janareta a gefen mota, shi ke ba da sanyi da ɗumi yana cajin batir. Duk ɗan Zariya da ya samu lasisin CDL, wato na tuƙa manyan motoci a nan Amurka, ya tambayi wannan tun kafin ya tambayi nawa ake biya a mil.

Sauran dokokin da sauƙin faɗa. Tuƙin awa 11 cikin 14, sannan hutun awa 10, kuma tun Disambar 2017 na'ura ce ke lissafi, ba littafin da za ka cike da biro ba. An ɗaure gudun motarmu a mil 65. Duk wannan ban damu ba. Kyamarar da ke kallon fuskata ce har yau ban saba da ita ba, ko hamma na cika yi sai ta yi ƙara.

Idan an samu mai tahowa, a ce wa Hajiya ta haɗo mini kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji. Kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za su ƙwace.