Hayar dabbab a Thumama: wurin da daɗi, amma ɗan koyo ya yi hattara

In kana Riyad kuma ana ta kwaɗaita maka zuwa hawan dabbab, wato babur mai ƙafa huɗu na hawan yashi, a saharar Thumama da ke bayan gari, musamman in sanyi ya shigo kowa ke neman fita kashta, wato shan iska a sahara, ranar Juma'a, to ka tsaya ka ji nawa tukuna. Ba zan kama sunan rumfar da muka yi haya ba. Waɗanda ke jere a bakin titin nan kusan duk tafiyarsu ɗaya ce, kuma kowa ya san abin da suke karɓa na rabin awa da na awa guda. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke miƙa wa mutumin da bai taɓa hawa ba babur mai ƙafa huɗu, mai nauyi da ƙarfi haka, kamar mai miƙa ruwan leda a tasha. Da hannun hagu nake danna wannan rubutu, na dama yana cikin siminti tun daga tafi har kusa da gwiwar hannu.

Maigidana mutum ne da ba ya iya zaman gida ranar hutu. Tun muna Kano haka yake, sai ya ɗauki babur da asuba ya nufi Tiga ko bakin dajin Falgore, ya dawo da magariba fuska duk ƙura yana murna. Da aiki ya kawo mu Saudiyya sai abin ya samu wurin zama. Tun da aka kawo tseren Dakar ƙasar nan a 2020, duk watan Janairu ba shi da hira sai ta motoci da tuddan yashi, kuma ranar da Yazid Al-Rajhi ya lashe gasar motoci a 2025 sai da ya kira abokansa ɗaya bayan ɗaya. Bayan motarmu ba ya rabuwa da famfon taya, igiyar ja, shebur da jarkar ruwa. Mata da yawa suna ce mini in riƙa hana shi. Ni ban ga abin hanawa ba. Mutum ne mai tsari, ba ya shiga yashi sai ya rage iskar taya, ba ya nisa shi kaɗai, kuma wannan fitar ce ke sa ya dawo gida da fara'a bayan mako guda na aiki. Abin da na daɗe ina so shi ne in daina zama a kan darduma ina tsaron shayi yayin da shi yake can kan tudu. Ina tuƙa mota a titunan Riyad tun bayan da aka ba mata izini a 2018, wanda kuwa ya iya shiga cunkoson titin Sarki Fahad da yamma ba zai ce yana tsoron inji ba. Ni na ce masa ina so in gwada.

Wurin kansa ba shi da laifi. Ka wuce filin jirgin Sarki Khalid ka yi arewa, gari ya ƙare, sai jan yashi da iyalai sun kafa tantuna, ga ƙamshin gahawa da na gashi, ga yara suna ta guje-guje. Da la'asar sakaliya iskar wurin tana da daɗi ƙwarai.

Muka tsaya a wata rumfa mai babura da yawa. Mai wurin ya karɓi kuɗi, ya karɓi iƙamar maigidana, wato katin izinin zama a ƙasar, ya jefa a aljihun tebur, ya duba agogo ya ce lokaci ya fara. Maigidana ya ce masa da Larabci matarsa ba ta taɓa hawa ba, a ba ta ƙarami, a kawo hular kwano. Ƙananan duk yara sun ɗauke, in ji shi. Hula kuwa guda ɗaya ya zaƙulo daga ƙarƙashin tebur, igiyar haɓarta a tsinke, cikinta ya yi baƙi da datti. Ya ce yashi ne, ai da laushi. Wannan maganar tana cikin abubuwan da har yau in na tuna raina ke ɓaci, domin duk wanda ya taɓa faɗuwa a kai ya san yashi ba ya tausaya wa ƙashi in babur ya biyo ka.

Koyarwar da na samu daga gare shi ba ta wuce nuni biyu da yatsa ba: wannan totur, wannan burki. Sauran maigidana ne ya yi. Shi ya ce in tattare abayata in zauna a kanta, in cusa bakin mayafi cikin riga don kada sarƙa ko taya ta kama shi. Shi ya nuna mini cewa totur ɗin dabbab ba murɗawa ake yi ba, wani ɗan harshe ne da ake dannawa da babban yatsan dama. Ya ce kada in taɓa ratsa tudu a karkace, in hau shi kai tsaye in sauka kai tsaye, kuma in zan yi kwana in karkata jikina ciki. Duk wannan yana faɗa ne mai rumfar na tsaye yana buga agogonsa da yatsa.

Farkon abin na ji daɗi, gaskiya. A fili mai shimfiɗa muka fara, yana gefena a kan nasa yana ta cewa, "Yauwa, haka, a hankali, kin ga kin iya." Iska na bugun fuskata, na ji abin da yake ji duk shekarun nan. Da a nan aka tsaya da yanzu yabo nake rubutawa.

Matsalar filin nan ba a raba shi ba. Babu wurin 'yan koyo daban, babu igiya, babu tuta, babu mai kula. Samari masu gudu, motocin jif masu hawan tudu, yara ƙanana a kan babura ba hula, kowa inda ya ga dama yake bi. Muna hawan wani ɗan tudu da bai kai komai ba sai wani yaro, da ƙyar in ya kai shekara goma, ya ɓullo ta gabana a guje. Na damƙi hannun babur da ƙarfi. To ga inda irin wannan totur yake cutar ɗan koyo: in ka firgita ka damƙe, babban yatsanka ne ke ƙara danna shi. Babur ya zabura. Na saki, na matse burki har ƙarfen ya taɓa hannun babur, bai kama ba. Na kauce wa yaron, alhamdu lillahi, amma kaucewar ce ta kai ni bakin tudun a karkace. Tudun yashi kuwa fuska biyu gare shi, wadda iska ke bugawa tana hawa a hankali, ɗayar kuma a tsaye take ta zube ƙasa, kuma ba ka ganinta sai ka zo kanta. Tayar gaba ta nutse, babur ya kife. Na kai hannu ƙasa don in tare kaina, na ji ƙas a wuyan hannu. Sai ga babur ɗin a kan ƙafata, salansa mai zafi ta manne mini a ƙauri.

Ban san lokacin da na ce wayyo Allah na ba. Abin da ban zata ba shi ne amsar da na ji da Hausa: "Sannu Hajiya, kar ki motsa, kar ki motsa hannun." Wani matashi ne cikin ma'aikatan rumfar, wanda tun zuwanmu ban ji ya yi magana ba, shi ke wanke babura yana zuba musu mai. Da gudu ya zo a ƙasa, ya riga kowa, ya kashe injin, shi da maigidana suka ɗage babur ɗin. Ya kwance rawaninsa ya yi mini maratayin hannu, ya kawo kwali ya tokare wuyan hannun, ya zuba ruwa a kan ƙunar har gora ta ƙare ya sake kawo wata. Da wani ya zo yana cewa a ja hannun a gyara, shi ne ya hana. Daga baya muka ji ɗan Sudan ne, daga Mai Wurno kusa da Sinnar, inda jama'armu suka zauna a bakin kogi tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa tana da gauraye da Larabci amma tas nake jin sa. Maigidana hannunsa rawa yake yi, ban taɓa ganin sa haka ba, yana ta cewa, "Maman yara, kalle ni, kina ji na?" Matashin nan ne ya ce masa, "Yaya, ka je ka kawo mota kusa, ni ina nan." Ya kuma tuna masa lambar Hilal Ahmar, masu agajin gaggawa, 997, amma ya ce motar asibiti ba za ta iya shigowa cikin yashin ba, gara mu fita da tamu.

A wannan lokacin, ina zaune a yashi ana yi mini sannu da harshena a ƙasar mutane, na ji zuciyata ta yi sanyi da wurin gaba ɗaya. Na ce a raina tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, kuma wurin da ke da ma'aikaci irin wannan bai cancanci a zage shi ba. Har a mota ina cewa maigidana kada ya yi faɗa da kowa.

Sai muka zo karɓar iƙama.

Mai rumfar bai leƙo motar ya ce mini sannu ba. Zagaya babur ɗinsa ya yi yana dubawa, ya nuna robar gefe da ta tsage da fitila da ta fashe, ya ce sai an biya kafin ya ba da kati. Ina cikin mota hannuna yana kumbura, zobena ya fara shiga nama, ana ciniki a kan roba. Maigidana ya kama burkin ya matse a gabansa, ƙarfen ya tafi har ƙarshe ba tare da ya riƙe komai ba. Mutumin ya ce faɗuwar ce ta lalata shi. Ni da na matse shi kafin faɗuwar na san ƙarya ce. Babu rasit, babu takardar da ta nuna lafiyar babur kafin a ba mu, babu wanda za ka kai wa ƙara a wurin. Kuma ya san ba za mu tsaya jayayya ba, domin baƙo ba ya tafiya ya bar iƙamarsa a hannun wani, mai karaya kuma ba ta jira. Maigidana ya biya. Ga shi kuma sai da ya tsaya ya mayar wa tayoyi iska kafin mu hau kwalta, ina kallon sa yana yi yana share ido.

A asibiti hoto ya nuna ƙashin wuyan hannu ya karye, irin karayar da ake samu in mutum ya tare ƙasa da tafinsa. Sai da suka yanke zoben. Likita ya ce Allah ya taimaka ba a ja hannun ba, kuma irin wannan kan ɗauki kusan mako shida a siminti kafin a fara motsa shi. Tambayar da ya fara yi ita ce ko da hula a kaina. Da na ce babu, shiru ya yi ya tura ni hoton kai. Lafiya lau ya fito. Ƙunar ƙafar ce ma ta fi damuna da dare, kullum sai an wanke an sake naɗewa.

Zaman gida da hannu ɗaya sai wanda ya gwada. Alwala, ɗaura ɗankwali, yanka albasa, yi wa ƙaramar yarinyata kitso, duk sun koma abin neman taimako. Nan ne kuma na ga wani gefe na mutumin da nake aure. Wanda ba ya iya zaman gida ranar Juma'a, ga shi a kicin yana tuƙa tuwo ina faɗa masa lokacin da zai ƙara gari. Abokansa sun shirya tafiya bakin dutsen Tuwaiƙ, can inda ake kira ƙarshen duniya, ya ce su je ba shi. Da Hajiyata ta kira daga Kano tana faɗa, cewa dama ta san wannan yawon nasa zai jawo wani abu, bai kare kansa ba, "Ki yi haƙuri Hajiya" kawai yake ta maimaitawa. Ni na karɓi wayar na ce mata ba shi ya ba ni babur marar burki ba. Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda ya daina maganar sahara gaba ɗaya, ko bidiyon tsere ya buɗe in na shigo sai ya kashe. Ba na son haka. Na ce masa in an cire simintin zan bi shi, a mota, kuma in har zan sake hawa dabbab sai a wurin da ke da mai koyarwa, da fili na 'yan koyo daban, da hula mai igiya wadda za mu saya da kuɗinmu mu tafi da ita.

Ga masu niyyar zuwa da iyali, kafin ka miƙa kuɗi ka matse burkin gaba da na baya da hannunka, ka tura babur ɗin ka ga ko ya tsaya. Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe a gaban mai shi. Mace ta sa wando a ƙarƙashin abaya da takalmi rufaffe, ta cire zobe. Yaro kuwa, don Allah, kada a ɗora shi a kan babban babur don yana kuka. Yaron da ya gifta gabana bai san ma abin da ya faru ba, ya wuce abinsa, kuma ban ga babba ko ɗaya yana bin sa ba.

Maigidana ya koma wurin don ya mayar wa matashin nan rawaninsa, na wanke na goge na haɗa da ɗan abin da ya sawwaƙa da kwanon dambun nama. Da ƙyar ya karɓa. Da ya dawo na tambaye shi ko ya ga babur ɗin. Ya ce yana nan a layi, an liƙe robar da salatif, fitilar ma ba a canja ba duk da kuɗin da aka karɓa. Ya matsa burkin, yana nan yadda yake. Yana tsaye a wurin wani mutum ya biya, aka ɗora 'yarsa a kai.