Cadillac CT5-V Blackwing ko motar Jamus: wacce ya kamata mai kuɗi ya saya?

Shekaru da dama, idan ana zancen mota mai ƙofa huɗu wadda za ta ɗauki iyali zuwa biki kuma ta yi tsere da motar gasa, Jamusawa ne ke da bakin magana. BMW na da M5, Marsandi na da E63, Audi na da RS7. Motar Amurka kuwa ana yi mata kallon katafaren falo mai taya: ga laushi ga shan mai, amma da an zo kwana sai ta riƙa tangaɗi kamar jirgin ruwa. Cadillac ta fara wanke wannan suna ne da CTS-V, wadda samfurinta na 2009 ya zagaye filin Nürburgring na Jamus cikin ƙasa da minti 8. CT5-V Blackwing, da ta fito a samfurin 2022 aka kuma sabunta fuskarta a 2025, ita ce jikar waccan.

Injinta silinda takwas ne mai lita 6.2, ƙarfin doki 668. Mutum ɗaya ne ke haɗa shi da hannu a Bowling Green ta jihar Kentucky, garin da ake ƙera Corvette, sannan a kai shi Lansing ta jihar Michigan a ɗora a motar. Abin da ya raba shi da injinan Jamus shi ne yadda ake tura masa iska. Na Jamus turbo suke amfani da shi, wato hayaƙin salansa ne ke juya fankar da ke cusa iska, don haka akwai ɗan jinkiri kafin ƙarfin ya taso, ko da yake injiniyoyi sun rage shi ainun. Na Cadillac kuwa bel ne daga injin kansa yake juya na'urar, saboda haka da ka taka totur, a take take amsawa. Tana kai mil 60 a awa, kusan kilomita 97 ke nan, cikin daƙiƙa 3.4 da giyar otomatik mai hawa goma, kuma kamfanin ya ce iyakar gudunta ya haura kilomita 320 a awa.

Amma ba don wannan lissafin ake sayenta ba. Ana sayenta ne saboda giyar hannu. A duk cikin ajinta ita kaɗai ta rage da kulocinta da sandar giya mai hawa shida, kuma da ita take zuwa tun asali, otomatik ɗin ce ake ƙara wa kuɗi. Wanda ya koyi tuƙi da Fijo 504 ko tsohuwar Golf zai gane abin da nake nufi: ƙafar hagu na aiki, hannun dama na aiki, kunne na sauraren inji. Sun ma ƙara mata dabara biyu. Idan za ka sauko daga giya huɗu zuwa uku kafin kwana, motar da kanta take ɗan buga totur don juyin inji ya daidaita, ba za ka ji ta fizge ba. Idan kuma kana hawa giya da ƙarfi, kana iya taka kuloci ba tare da ka ɗaga ƙafa daga totur ba. Dukan ƙarfin nan tayoyin baya kaɗai yake zuwa, masu faɗin milimita 305. A busasshiyar kwalta abin sha'awa ne. A ranar da aka sheƙa ruwan Agusta kuwa, sai mai hankali.

Sabuwar BMW M5, wadda ta fito a 2024, ta bi wata hanyar daban. An haɗa mata V8, wato inji mai silinda takwas, mai lita 4.4 da injin lantarki da batirin da ake caji, jimilla doki 717 a lissafin Amurka. A takarda ta fi Cadillac ƙarfi. Sai dai nauyinta ya haura kilo 2,400, alhali Blackwing ba ta kai kilo 1,900 ba. Ratar ta fi rabin tan, kamar a ce ka ɗora wa motarka buhun shinkafa goma mai kilo hamsin-hamsin ka ce kuma ta yi rawa. Injiniyoyin BMW sun iya ɓoye nauyi, tayoyi huɗu duka suna ja, ga na'urori na gyara kuskuren direba kafin ya ma san ya yi shi, amma birki da taya su ne ke biyan bashin. Inda ta yi zarra shi ne zirga-zirgar yau da kullum: za ka fita da asuba a kan lantarki zalla ba ka tashi maƙwabta ba, ka yi hidimar cikin gari ta wasu kilomitoci masu yawa injin bai ko tashi ba. But ɗinta ma ya fi na Cadillac girma nesa ba kusa ba, kuma kujerar bayanta ta fi sakewa.

Marsandi ta daina E63 S mai V8 da doki 603 bayan samfurin 2023. Wadda ta biyo baya, E53, silinda shida ce da batiri, doki 577. Mota ce mai kyau, mai natsuwa, cikinta kamar otal, amma rurin nan da ake sanin AMG, sashen motocin gudu na Marsandi, da shi tun daga nesa ya tafi. Audi RS7 Performance na da V8 mai lita 4 da doki 621, da tsarin quattro mai jan tayoyi huɗu da ke riƙe ƙasa ko ana ruwa ko ana ƙura. Ita ce mafi sauƙin tuƙi da gudu, kuma a ganina ita ce mafi ƙarancin ba da labari ga hannun direba. Porsche Panamera kuwa, kafin ka kai ga mai irin wannan ƙarfi, kuɗin ya shiga wani ajin.

Kuɗi na cikin abin da ke jan mutane ga Cadillac. A Amurka samfurin 2025 ya fara ne ƙasa kaɗan da dala dubu 100, M5 kuwa daga wajen dala dubu 120. Ka shiga ciki za ka ga inda aka yi tsimi. An saka allo mai faɗin inci 33 a sabon samfurin, kujerun gaba kuma suna riƙe jiki yadda ya kamata, amma ka shafa robar ƙasan ƙofa ko maɓallan taga, za ka tuna cewa gangar jikin CT5 ce ta gama-gari wadda ake sayarwa kusan rabin kuɗin. Kuɗin ya tafi ne ga inji da birki da shokazoba. Ita shokazobar abar faɗa ce: ruwan da ke cikinta na ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe, maganaɗisu ke sa shi ya yi kauri ko ya saki cikin ƙiftawar ido, shi ya sa motar take da laushi a hanya kuma ta ƙame a kwana.

Ga wanda zai shigo da ita Najeriya ko Nijar, sitiyarinta a hagu yake, daidai da hanyoyinmu, kuma motocin Amurka sun saba sauka a Legas da Kwatano. Matsalar tana farawa ne bayan an biya kwastam. Marsandi da BMW suna da makanikai da suka tsufa a kansu, kuma abin da ba a samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba, a kan samo shi a kasuwar Ladipo ta Legas. Blackwing kuwa firikwensin da bai fi yatsa ba zai iya ajiye ta wata guda ana jiran saƙo daga Amurka. Kada dai a ɗauka sabuwar M5 ta tsira, domin batiri mai ƙarfin wuta irin nata ba na gyaran gindin bishiya ba ne, kuma caji na bukatar tsayayyar wuta, ba ta janareta mai tari ba. Ta wannan fuskar injin Cadillac ya fi sauƙin fahimta, don dangin V8 ɗin da ke cikin manyan motocin Chevrolet da Escalade ne. Dukansu fetur mai daraja ta sama suke so, mu kuma iri ɗaya ake sayarwa a gidajen manmu. Blackwing ba ta wuce kilomita 6 zuwa 7 a lita ɗaya idan an haɗa gari da babbar hanya, abin da tun cire tallafin mai a 2023 ko mai hali yana lissafa shi. Ga kuma ƙasa-ƙasa da take: leɓen bambarta na gaba ba zai sha da daɗi ba a tudun rage gudu na unguwanninmu.

Idan direba ne zai riƙa jan ka kana baya kana amsa waya, manta da Cadillac, E53 ko M5 ce taka. Idan mota ɗaya tak za ka ajiye a gida, nan ma Jamus zan nuna maka, wataƙila ma E63 S ta hannu mai tsabtar tarihi, wadda makanikinka ya riga ya san cikinta. Amma idan akwai Land Cruiser a gareji mai ɗaukar wahalar mako, kuma kai ne mai tashi da sassafe ranar Lahadi don kawai ka ji inji, to Blackwing mai giyar hannu zan saya, in haɗo da tayoyi saiti ɗaya da kuloci na ajiya a cikin kwantenar da za ta kawo ta.