Wata shida ina karanta harshen Lituweniya da yatsa

Na'urar da nake magana a kai ta karanta Braille ce, wato rubutun makafi na ɗigogi da ake taɓawa da yatsa, irin wadda ake jona wa kwamfuta, mai layi ɗaya da gurbin harafi 40, ɗigogin Braille na tashi suna sauka yayin da kake bin rubutu. Na saye ta bayan na zo karatu Kaunas, wani birni a ƙasar Lituweniya, don kunne kaɗai ya kasa min. Malamar harshe za ta faɗi kalma, in ji ta sarai, amma in an ce in rubuta sai in rasa ko u ce ko ū ko ų. Biyun ƙarshen ma furucinsu ɗaya ne. Sai ka taɓa ka san wacce ce.

Haɗa ta bai ba ni wahala ba. Na buɗe NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta, na zaɓi tsarin Braille na Lituweniya mai ɗigo shida, shi ke nan.

Wahalar daga yatsuna ta fito. A makarantar makafi a gida, Braille na Turanci mai taƙaice kalmomi aka koya mana. Harshen nan kuwa haruffa 32 gare shi, tara daga ciki masu ƙari ne a sama ko a ƙasa, kuma alamomin da aka ba su su ne waɗanda Turanci ke taƙaitawa da su. Cikin ɗigo shida na kowane gurbi, ɗigo na 1, 4 da 6, da na saba karantawa sh, a nan č ne. Na 1, 2, 5 da 6, wato ou, a nan ū ne. Don haka ačiū, kalmar godiya da ake ji a kowane kanti, ni dai "ashiou" yatsana ya dinga karantawa har sati biyu. Harafin š ya fi ba ni haushi, domin da na taɓa shi sai the ta faɗo min a rai. Tsohuwar ɗabi'a ba ta jin kora.

Da hannu ya faɗa, sai na ga amfanin kuɗina. Rubutun harafi-harafi yake zuwa, ba a haɗiye komai, kuma ƙarshen kalma, inda nahawunsu ya tattara rigimarsa, a fili yake ƙarƙashin yatsa. Yanzu ko kwalin magani na ɗauka, tunda dokar Tarayyar Turai ta sa a buga sunansa da Braille, ba na neman mai karanta min. An ce gaba ta kai ni, gobarar Titi: na zo neman cin jarrabawa, na samu har da wannan.

Abin da ban ji daɗinsa ba: tsada kam akwai ta. Sannan a wata na huɗu ɗigo ɗaya a gurbi na 12 ya maƙale a ƙasa, ga shi ɗigo ɗaya ke raba harafi da harafi. Mai kantin da na saya ya riƙe ta kusan sati uku, ni kuma na koma ga allo da abin huda takarda kamar ɗan aji ɗaya.

Sanyi kuma ba laifinta ba ne, amma mai zuwa nan ya sani. In ka shigo daga waje a watan Janairu, yatsu ba sa jin komai. Sai na riƙe kofin shayi minti goma kafin in iya bambance a da ą.