Bitar Belle Epoch Deluxe: Fedar Jita Mai Bin Sawun Tsohon Echoplex

Kamfanin Catalinbread da ke birnin Portland a Amurka ya ƙera Belle Epoch Deluxe, feda ce (ƙaramin akwatin sarrafa sauti da mai jita ke takawa da ƙafa), da manufa guda ɗaya, wato ya dawo wa mai kaɗa jita da sautin na'urar Echoplex samfurin EP-3 ba tare da ɗawainiyar tef da motar da ke juya shi ba. Lokacin da ta fito kuɗinta ya haura dala 300 kafin a haɗa da na jigila da na kwastan, saboda haka ba abin da za a saya da ka ba ne. A ganina ta ci kuɗinta, amma abin da ya sa ta ci ba amsa-kuwwar da take yi ba ce kaɗai, domin fedojin eko sun cika kasuwa kuma da yawansu sun fi ta araha. Darajarta tana cikin abin da take yi wa muryar jitar tun kafin a ji maimaici na farko.

Sai an san asalin na'urar da ake kwaikwayo kafin a gane wannan magana. Wani injiniya mai suna Mike Battle ne ya ƙirƙiro Echoplex a jihar Ohio a shekarar 1959, aka shiga sayar da ita da sunan Maestro a farkon shekarun 1960. A cikinta akwai zaren tef da ke zagayawa ba tsayawa: hed (ɗan ƙarfen da tef ke gogawa a kansa) ɗaya yana naɗar abin da aka kaɗa, wani yana sake fito da shi, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ce tsawon jinkirin. Idan mutum yana son eko mai tsawo ko gajere, sai ya matsar da ɗaya daga cikin hedodin da hannunsa. Samfuran farko biyu, EP-1 da EP-2, da kwalaben bawul suke aiki, sannan a 1970 aka fito da EP-3 mai taransisto. Tun da kowane maimaici sake naɗar na gabansa ake yi, sautin yana ɗan lalacewa a kowane zagaye, kuma tun da mota da robar da ke jan tef ba su taɓa tafiya daidai wa daida ba, muryar tana ɗan yin rawa sama da ƙasa. Duk wanda ya taɓa sauraron kaset a rediyon da batirinta ya fara rauni ya san irin wannan lanƙwasar, sai dai a Echoplex mai lafiya kaɗan ce ƙwarai, kuma ita ce ke ba sautin rai.

Abin da maƙeran ba su yi niyya ba shi ne wanda ya fi yin suna. A ƙofar shigar sauti ta EP-3 akwai wani ƙaramin mataki na ƙara ƙarfi, wanda masu sana'ar ke kira firiyam, an gina shi a kan taransisto nau'in JFET. Makaɗa sun lura cewa ko an rage eko gaba ɗaya, muddin jitar ta bi ta cikin akwatin, muryarta tana fitowa da kauri da daɗin da ba ta da su idan an haɗa ta kai tsaye da amfilifaya. An san Jimmy Page da Eddie Van Halen da Eric Johnson da amfani da Echoplex, kuma sunansu ya taimaka wajen sa wannan ɗan matakin ya zama abin nema shi kaɗai. Daga nan ne aka samu fedoji irin su EP Booster ta kamfanin Xotic da EP101 ta Dunlop, waɗanda ba su da eko ko kaɗan, firiyam ɗin zalla suke bayarwa.

Belle Epoch Deluxe ta haɗa biyun a akwati ɗaya, kuma ta ɗauki batun firiyam da gaske. Wutar bolt 9 take sha daga adafta, amma daga ciki tana ɗaga ta zuwa bolt 22, daidai da ƙarfin da EP-3 ke aiki da shi. Hanyar da ainihin muryar jitar ke bi ba ta dijital ba ce; ɓangaren da ya maye gurbin tef ne kawai na dijital. Na saurare ta da jita mai siririyar murya ta hanyar ƙaramar amfilifayar bawul, an rage eko har ƙasa. Ƙarar ba ta ƙaru sosai ba, amma tsinin nan mai sukar kunne da ke fitowa daga siraran tsirkiyoyi ya lafa, tsakiyar sautin ta cika, kuma kowace tsirkiya ta fito daban a cikin haɗin da a da yake cakuɗewa. Idan aka taɓa a hankali muryar tana nan tas, idan aka danna da ƙarfi sai amfilifayar ta fara gurnani da wuri fiye da yadda ta saba. Irin wannan canjin an fi jin sa a yatsu, kuma mutum ba ya sanin girmansa sai ya cire fedar ya ji yadda jitar ta rame.

Dole a faɗi iyakar wannan alheri. Firiyam ɗin yana nuna kansa ne idan yana tura amfilifayar bawul da ta kusa ƙoshi. Yawancin masu jita a wuraren biki da ƙananan sutudiyo a ƙasashenmu suna haɗawa ne da amfilifayar taransisto ko su shiga mikisa kai tsaye, kuma a can bambancin yana raguwa sosai. Ana jin ɗan laushi, amma ba irin wanda zai sa a kashe wannan kuɗin dominsa kaɗai ba.

A cikin mamurɗanta shida, wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Record Level, mai ƙayyade ƙarfin da sauti ke shiga layin jinkiri da shi, kamar yadda ake saita ƙarfin naɗi a kan tef. Idan aka bar shi ƙasa, maimaicin yana fitowa siriri daga nesa, yana zama a bayan abin da ake kaɗawa ba ya tare masa hanya. Idan aka ɗaga shi, maimaici na farko yana dawowa da kaifi da nauyi har da ɗan tsatsa a gefensa, na biyu ya fi shi sirantaka, na uku ya zubar da kaurin ƙasa, haka har ya ɓace. Wannan shi ne halin EP-3 na gaskiya, kuma ya saɓa wa eko irin na analog da ke ƙara duhu da dushewa a kowane zagaye. Amfaninsa a bandi shi ne eko ba ya taruwa a ƙasa ya yi karo da jitar bes da ganga. Ga mai salon tsinkar tsirkiya da sauri yana maimaita jimla ɗaya, irin wanda masu jitar Agadez suka shahara da shi, gajeren jinkiri da maimaici biyu ko uku yana ninka kiɗan ba tare da ya dagula shi ba.

Ban da maɓallin kunnawa, akwai maɓallin ƙafa na biyu a ƙasa mai suna Echo OSC. Idan aka taka shi, maimaicin yana ciyar da kansa har ya taso ya zama guguwar sauti, kuma idan aka murɗa Echo Delay, mamurɗin tsawon jinkiri, a wannan lokacin muryar tana zamewa sama ko ƙasa da ɗan jan ƙafa, kamar dai an ja hed a kan tef mai gudu. An yi wannan da kyau ƙwarai, sai dai yana buƙatar kula, domin ƙarar tana iya hawa fiye da yadda lasifika ƙarama za ta jure. Shirye-shiryen sauti shida take da su. Na farko shi ne EP-3 ɗin kansa, sauran sun haɗa da eko mai duhu irin na analog, da mai juyawa kamar lasifikar ogan, da mai tace sauti, da biyu masu bin salon wata tsohuwar fedar eko ta analog mai suna Deluxe Memory Man. Suna da kyau, amma na farkon ne dalilin sayen fedar.

Gazawarta a fili take. Jinkirinta bai wuce kimanin milisakan 800 ba, ba ta da hanyar buga lokaci da ƙafa don eko ya dace da bugun ganga, ba ta ajiye saiti, kuma mafitarta ɗaya ce, ba sitiriyo. Maƙeran za su ce Echoplex ma ba ta da waɗannan, kuma gaskiya ne, amma wanda ke kan dandamali yana sauya waƙa bayan waƙa ba zai so durƙusawa yana murɗa saiti kowane lokaci ba.

Ga irin wannan makaɗin, Boss RE-202 ta fi dacewa. Ita tana kwaikwayon wata na'urar ce daban, Roland Space Echo RE-201 da ta fito a Japan a 1974, mai hedodin fitarwa uku da rebab na sifirin (amo irin na cikin babban ɗaki, wanda ake samarwa da sifirin), wadda masu haɗa kiɗan dub, wani reshen rege na Jamaika, irin su Lee Perry suka yi aiki da ita sosai. RE-202 ta fito a 2022, ta ƙara hed na huɗu, tana da sitiriyo da ajiyar saiti da buga lokaci da ƙafa, ana iya zaɓar sabon tef ko tsoho, kuma tana karɓar kibod da mikisa yadda take karɓar jita. Tana da nata kwaikwayon firiyam, mai ɗumi da daɗin ji, amma a kunnena bai kai na Catalinbread amsa wa yatsa ba. Wanda kuwa yake da eko da ya gamsu da shi, kaurin muryar kawai yake nema, EP101 ko EP Booster za ta biya masa buƙata da kuɗin da bai kai wannan ba.

Wanda ya yanke shawarar sayen Belle Epoch Deluxe ya sa ta a ƙarshen jerin fedojinsa, dab da amfilifaya, domin a nan firiyam ɗin ke yin aikinsa sosai. Ya kuma tanadi adafta mai kyau ta bolt 9 mai tace wuta, kada ya ba ta fiye da haka da tunanin ƙarin ƙarfi, tun da ita ke ɗaga wutarta da kanta. Adaftar kasuwa mai araha, musamman a kan janareto, tana shigo da ƙugi, kuma eko yana maimaita ƙugin tare da kiɗan a kowane zagaye.